Gardamar da Labari Ya Haɗiye: Tarken Littafin Left Behind

Jirgin sama ya tashi daga Amurka cikin dare ya nufi Landan. Yana bisa Tekun Atlantika sai ma'aikaciyar jirgin ta zo wa matuƙi a firgice, ta ce fasinjoji da dama sun ɓace. Tufafinsu na nan a kan kujeru, da takalma da tabarau da zobba, amma babu mutanen. Duk ƙaramin yaron da ke cikin jirgin ya tafi. A ƙasa ma haka abin yake: motoci sun yi ta karo don babu direbobi, mata masu juna biyu sun duba sun ga babu cikin. Da wannan fage ne Tim LaHaye da Jerry Jenkins suka buɗe ƙagaggen labarinsu mai suna Left Behind, wato Waɗanda Aka Bari, wanda ya fito a 1995.

Daga wannan littafi ɗaya aka samu jerin littattafai 16, na ƙarshensu ya fito a 2007, an kuma sayar da kwafi fiye da miliyan 60. Na taransu, Desecration, shi ne ƙagaggen labarin da ya zo kan gaba wajen ciniki a Amurka a 2001. An mai da labarin fim a 2000, aka sake a 2014 da ɗan wasa Nicolas Cage. Mai karatu da Faransanci zai same shi da sunan Les Survivants de l'Apocalypse. LaHaye fasto ne, shi ya shimfiɗa tsarin aƙidar, Jenkins kuwa marubuci ne, shi ya ɗinka mata rigar labari. Wannan rabon aiki ya bar tabonsa a kowane shafi.

Aƙidar ga yadda take a taƙaice. Wata rana, ba zato ba tsammani, Almasihu zai ɗauke masu bi na gaskiya daga duniya, abin da Kiristoci Hausawa ke kira fyaucewa. Bayan haka za a yi shekaru 7 na babban tsanani a ƙarƙashin mulkin Magabcin Almasihu, wanda mai karatu Musulmi zai ga ya yi kama da Dujal ta wasu fuskoki. A ƙarshen shekarun Almasihu zai sauko a fili, ya karya maƙiyinsa, ya yi mulkin shekara 1000 a bayan ƙasa kafin shari'ar ƙarshe. Wanda ya karanta littafin alhali bai san Kiristanci daga ciki ba, zai rufe shi yana cewa, ashe abin da Kiristoci suka gaskata ke nan. Nan ne ƙorafina yake. Wannan tsari ra'ayin ɓangare guda ne, ɓangaren da bai cika shekara 200 da kafuwa ba, kuma tun ranar da aka fara koyar da shi ake jayayya a kansa, jayayyar da ta raba ƴan'uwa masu sujada a ɗaki ɗaya. Littafin ya haɗiye wannan gardama ɗungurungum, bai bar ko ƙashinta ba.

Dubi dabarar da aka yi. A rayuwa ta zahiri, mutum biyu na iya buɗe wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Tasalonikawa, sura 4, inda aka yi zancen ɗauke masu bi su taryi Ubangiji a sararin sama, ɗaya ya ce wannan ɗaukewa ce ta asiri kafin tsanani, ɗaya ya ce a'a, ayar ta ambaci kira mai ƙarfi da busar ƙaho, don haka zuwan nan ne guda ɗaya na ƙarshe wanda kowa zai gani. Babu alƙalin da zai raba su. Amma a cikin labarin an yanke hukunci tun shafukan farko, domin mutanen sun riga sun ɓace. Duk wanda ya karanta ayar ta wata hanya, ga tufafin matarsa nan a kan gado suna ƙaryata shi. Marubutan ba su kawo hujja ba, sun ƙago aukuwa ne suka sa ta ta tsaya a madadin hujja. Har ma sun tanadi kaset ɗin bidiyo wanda babban faston ikkilisiyar ya ɗauka tun kafin a fyauce shi, yana bayyana wa waɗanda za a bari abin da ya faru. Mai gardama ɗaya ya tafi sama ya bar muryarsa a kaset, ɗayan kuwa ba a ba shi ko kujera ba.

To, bari mu ba shi kujerar. Sunansa Benjamin Wills Newton, kuma wurin da abin ya faru garin Plymouth ne a kudancin Ingila.

A wajen 1830 wasu Kiristoci a Ingila da Ailan suka gaji da tsarin manyan ikkilisiyoyi, suka fara taruwa su kaɗai, babu limami naɗaɗɗe, suna kiran junansu ƴan'uwa kawai. Cikinsu akwai John Nelson Darby, wanda aka haifa a 1800, ya karanta shari'a, ya yi aikin limanci a ikkilisiyar Angilikan ta Ailan kafin ya bar ta. Taron ƴan'uwa mafi girma shi ne na Plymouth, wanda ya kai mutum 1000, kuma Newton ne babban malaminsa. Darby da Newton abokan tafiya ne tun farko. Dukansu sun yarda Almasihu zai dawo ya yi mulkin shekara 1000. Tambaya ɗaya ce ta raba su: shin ikkilisiya za ta sha tsananin nan, ko za a ɗauke ta kafin ya fara?

Amsar Darby ta dogara ne ga wani rabo da ya yi. A ganinsa Allah yana da jama'a biyu, Isra'ila mai alkawuran ƙasa da ikkilisiya mai alkawuran sama, kuma annabce-annabcen Tsohon Alkawari na Isra'ila ne. A littafin Daniyel, sura 9, an ambaci bakwai-bakwai har 70, waɗanda masu fassara ke ɗauka shekaru 490 ne. Masu bin Darby suka ce 69 daga ciki sun cika a zamanin Almasihu, sa'an nan agogon annabci ya tsaya cik. Duk tarihin ikkilisiya, shekara kusan 2000 yanzu, ratse ne a tsakanin na 69 da na 70. Sai an ɗauke ikkilisiya agogon zai ci gaba, a yi bakwai ɗin ƙarshe. Daga nan shekaru 7 na Left Behind suka fito.

Newton ya hango inda wannan hanya za ta ɓulle. A Linjilar Matiyu, sura 24, Almasihu yana gargaɗin almajiransa a kan tsananin da za su gani, yana ce musu su jure. In ikkilisiya ba za ta ga tsananin ba, ke nan gargaɗin ba nata ba ne, na wasu Yahudawa ne da za su ba da gaskiya daga baya. Newton ya ga cewa in aka bi haka, za a yi ta yanke sassan Linjila ana cewa wannan ba namu ba ne, har a raba Kirista da maganar Ubangijinsa. Ya rubuta littafi a kan Ru'ya ta Yohanna, littafin ƙarshe na Sabon Alkawari (wata fassarar Hausa tana kiransa Wahayin Yahaya, kuma ba Yahaya mai baftisma ake nufi ba), Darby ya mai da masa martani mai tsawo da zafi. Sai gardamar ta zarce annabci, kamar yadda irinta ta saba. Darby ya zargi Newton da kankane mumbari da mai da kansa limami a cikin jama'ar da ta ƙi limanci. A ƙarshen 1845 ya fice ya kafa nasa taron a cikin garin. A 1847 aka tuhumi Newton da kuskure a koyarwarsa game da mutuntakar Almasihu, ya amsa wani sashe na kuskuren ya janye shi, ya bar Plymouth. Duk da haka wutar ba ta mutu ba. A 1848 wata ikkilisiya a Bristol, wadda George Müller, mai gidajen marayun nan, yake cikin jagororinta, ta karɓi wasu da suka fito daga taron Newton. Darby ya ce a yanke zumunci da ita da duk wanda ya yi zumunci da ita. Ƴan'uwa suka rabe gida biyu, masu buɗe ƙofa da masu rufewa, kuma rabuwar tana nan har yau.

Mutanen da suka taru don sun ƙi rarrabuwar ikkilisiyoyi, ba su kai shekara 20 ba suka daina cin jibin Ubangiji tare. Da marubucin kirki ya samu wannan, da ya samu labari: abota, kishi, gaskiya a kowane ɓangare, iyalan da uba ke zuwa wannan ɗaki uwa na zuwa wancan. Jenkins ya bar wannan duka ya kama fashewar jirage.

Koyarwar Darby ta ƙetare teku ta samu ƙasa mai albarka a Amurka, kuma can ma gardamar ta bi ta. Taron nazarin Littafi Mai Tsarki na Niagara, wanda ya haɗa manyan masu wa'azin annabci a ƙarshen ƙarni na 19, ya watse a wajen 1900, kuma wannan tambaya tana cikin abubuwan da suka watsa shi: Robert Cameron da Nathaniel West a gefe guda, Arno Gaebelein da Cyrus Scofield a ɗaya gefen. Ɓangaren Scofield ya yi rinjaye, kuma ta hanyar ɗab'i ya yi shi. A 1909 maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta buga Littafi Mai Tsarki ɗauke da bayanan Scofield a ƙasan shafi da kanun magana a tsakanin ayoyi. Duk malamin da ya taɓa ba ɗalibai littafi mai sharhi a gefe ya san abin da ke biyo baya: bayan shekara biyu ɗalibi ba ya iya tuna wanne ne matani wanne ne sharhi. Abin da Scofield ya yi da ƙasan shafi, shi LaHaye ya yi da ƙagaggen labari bayan shekara 86, sai dai shi ya ɗauke ko da layin da ke raba sama da ƙasa.

A nan zancen ya taɓo ƙasarmu. Mishan ɗin da ta fi kowace tasiri a kan Kiristocin Furotesta na kudancin Nijar ita ce SIM, wadda ta sauka Damagaram a 1924, ta zauna Tsibiri kusa da Maraɗi, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Rowland Bingham, wanda ya jagorance ta har rasuwarsa a 1942, ɗaya ne daga samari uku da suka sauka Ikko a 1893 da niyyar shiga ƙasar Sudan, kuma shi kaɗai ya tsira da rai. Bingham ya karɓi koyarwar fyaucewa kafin tsanani, ya koyar da ita, daga baya ya sake bincike ya bar ta a fili. A shekarun 1930 ya fitar da littafi a kan Linjilar Matiyu yana kare cewa Linjilar ta ikkilisiya ce, ba a keɓe ta ga Yahudawa ba. Wato ya koma inda Newton ya tsaya shekara 90 kafinsa. Saboda haka Kiristan Maraɗi ko na Tawa da ya ga fim ɗin ya ji ransa bai kwanta da shi ba, bai fita daga gidan kakanninsa na bangaskiya ba, kuma wanda ya yarda da fim ɗin shi ma yana da magabata a gidan. Maƙwabcinsu Musulmi kuwa, in yana son ya san abin da suka gaskata game da ƙarshen zamani, gara ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya, don ba lalle amsar ta zo iri ɗaya ba.

Ko sunan littafin ma a kan ayar da ake jayayya da ita ya tsaya. A Matiyu 24 an yi zancen mutum biyu a gona da mata biyu suna niƙa, a ɗauki ɗaya a bar ɗaya. LaHaye da Jenkins sun gina a kan cewa wanda aka ɗauka shi ne mai rabo. Amma ayoyin da suka gabata suna zancen zamanin Nuhu ne, inda ruwan Tufana ya zo ya kwashe mutane. A wancan misali waɗanda aka kwashe su ne halakakku, wanda aka bari shi ne Nuhu. Ba abokan hamayya kaɗai ke faɗin haka ba. John Walvoord, wanda ya daɗe yana shugabancin makarantar tauhidi ta Dallas, babbar cibiyar wannan aƙida, shi ma ya ce ɗaukar da ke cikin waɗannan ayoyi ta hukunci ce. In haka ne, a bar ka shi ne alheri, kuma littattafai 16 sun ɗauki sunansu a juye.

Kada in yi wa littafin rashin adalci. Yana da gudu, babi-babinsa gajeru ne, kuma Jenkins ya san inda ake yanke zance don mai karatu ya juya shafi. Akwai wurare biyu da ya taɓa zuciya. Na farko shi ne sa'ad da matuƙin jirgin, Rayford Steele, wanda a daren yake saƙa yadda zai ci amanar matarsa da ma'aikaciyar jirgin, ya koma gida ya ɗaga bargo ya tarar da rigar barcinta da zoben aurenta. Na biyu shi ne Bruce Barnes, mataimakin fasto, wanda jama'arsa da iyalinsa suka tafi aka bar shi, ya zauna yana faɗin yadda ya shekara yana koya wa mutane abin da bai shiga zuciyarsa ba. Barnes ne tauraro ɗaya tak da ke da ciki da waje. Haka kuma LaHaye bai sa rana ba. Bai yi irin ta Edgar Whisenant ba, wanda ya buga dalilai 88 da suka sa za a yi fyaucewa a 1988, ko Harold Camping da ya tsai da 21 ga Mayu 2011.

Sai dai daga lokacin da Barnes ya buɗe Ru'ya ta Yohanna ya fara zayyana wa abokansa abin da ke tafe, labarin ya mutu a tsaye. Hatimai 7, ƙahoni 7, tasoshi 7, kowanne da lokacinsa. Taurarin sun san jadawalin, mai karatu ya sani, kuma babu abin da wani zai yi ya gusar da shi ko da taƙi ɗaya. Ƙagaggen labari yana rayuwa ne a kan zaɓi, a kan cewa da mutum ya bi ta hagu da abin ya sauya. A nan zaɓi ɗaya ne, a tuba ko a ƙi, kuma da zarar tauraro ya tuba ya gama aikinsa, saura tuƙa jirgi da buga waya. Mutane miliyoyi suna mutuwa a cikin sakin layi guda, taurarin kuwa suna duba jadawali su ga an zo hatimi na nawa. Ban taɓa karanta littafin da aka kashe mutane da yawa haka aka yi makoki kaɗan haka ba.

Magabcin Almasihun nasu, Nicolae Carpathia, ɗan siyasar Romaniya ne mai harsuna tara da daɗin baki, wanda ya zama babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kira ƙasashe su lalata kashi 90 cikin 100 na makamansu, ya mai da hedkwatarsa sabuwar Babila a Iraƙi, ya haɗa kuɗi ɗaya da addini ɗaya. Littafin Ru'ya bai ambaci Majalisar Ɗinkin Duniya ba. Wannan tsoron wani sashe ne na masu ra'ayin riƙau a Amurka bayan Yaƙin Cacar Baka, aka sa masa rawanin annabci. Illarsa ita ce mai karatu yana fita da darasin cewa duk mai kiran sulhu da ajiye makami da zaman tare tsakanin addinai abin tuhuma ne. Malamin da ke koyar da yara Musulmi da Kirista a aji ɗaya ya san nauyin wannan darasi. A ƙarshen littafi na farko Carpathia ya harbe mutum biyu a gaban taro, ya shafe abin daga tunanin kowa, sai ɗan jarida Buck Williams kaɗai, wanda bai daɗe da tuba ba, ya tuna abin da ya gani. Haka littafin ke kallon masu karatun Littafi Mai Tsarki: ɓangare ɗaya na gani, sauran an rufe musu ido.

Sauran kuwa sun yi magana. Babban taron ikkilisiyar Presbyterian ta Amurka ya bayyana a 2001 cewa tauhidin jerin littattafan bai dace da fahimtarsu ba. Bishop-bishop na Katolika a jihar Illinois sun yi tir da su a 2003, ga shi kuwa a cikin labarin wani babban limamin Katolika ne ya zama shugaban addinin ƙarya. Wata babbar ikkilisiyar Lutheran ta fitar da nata martani a 2004. Waɗannan duka sun fi kusa da fassarar Augustine, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430. Shi ya ɗauki shekara 1000 ɗin a matsayin misali na zamanin ikkilisiya gaba ɗaya, kuma fassararsa ce ta yi rinjaye a Yamma fiye da shekara 1000.

Tun kafin Augustine ma an yi wannan gardama a Afirka, kuma masanin tarihi Eusebius ya adana mana labarinta. A tsakiyar ƙarni na 3 wani bishop a yankin Arsinoe na Masar, wato Fayyum, mai suna Nepos, ya rubuta littafi yana kare mulkin shekara 1000 na zahiri a bayan ƙasa, yana sukar masu fassara da misali. Bayan rasuwarsa littafin ya raba ikkilisiyoyin ƙauyuka. Dionysius, bishop na Iskandariya, ya tashi ya je da kansa. Ya tara dattawa da malaman ƙauyukan, aka ajiye littafin Nepos a tsakiya, aka yi kwana uku ana bin sa daga safe har dare, kowa na kawo tambaya ana amsawa. Dionysius ya yabi Nepos saboda bangaskiyarsa da waƙoƙin sujada da ya tsara, ya kuma ce shi da mutanen ba su ji kunyar sauya ra'ayi ba in hujja ta bayyana. A ƙarshe jagoran ɗaya ɓangaren, Coracion, ya sauka daga ra'ayinsa a gaban jama'a. Daga bakin wanda ya yi rinjaye muka ji labarin, don haka sai a rage masa gishiri, kuma ra'ayin Nepos bai mutu ba, ga shi ya sake tsirowa a Plymouth.

Dionysius bai tsaya nan ba. Ya koma ya ɗauki Ru'ya ta Yohanna da Linjilar Yohanna ya gwada su kamar yadda manazarcin adabi ke yi. Ya lura kalmomin da suka cika Linjilar, irin su haske da rai da gaskiya, ba su da wannan matsayi a Ru'ya. Ya lura Girkancin Linjilar mai santsi ne, na Ru'ya kuwa yana da kurakuran nahawu, kuma marubucin Ru'ya yana ambaton sunansa alhali na Linjilar yana ɓoye nasa. Ya yanke cewa hannu biyu ne. Duk da haka ya ƙi bin waɗanda suka ce a jefar da littafin, ya ce ma'anarsa ta fi ƙarfin fahimtarsa, kuma ba zai ƙi abu don bai gane shi ba. Game da ko wane ne marubucin, ya ce yana zaton wani Yohanna ne dabam, domin ya ji ana cewa a birnin Afisa akwai kaburbura biyu, kowanne ana kiransa na Yohanna.